Tazarar Aminci

Ruwa ya cinye hanyar Auyo tun ranar Laraba.
A mararraba muka tsaya, ni da Sallau mai babur,
mutum uku suka nuna mana hanya uku.
Mai shayi ya ce an ce gadar na nan.
Direban tifa ya ce jiya ya bi ta bayan kasuwa.
Na ukun sai da ya gama matse wandonsa,
laka har gwiwa, gora a kafaɗa,
sannan ya ce, "Ku bi gefen shinkafa, yanzu na fito."
Sallau bai nemi shawarata ba,
ya bi mai jiƙaƙƙen wando.

A asibitin ƙauye Uwani ta tarbe ni da fitilar waya.
Kwana huɗu gwajin jini bai isa Dutse ba,
ga mata biyu a benci, sun gaji da tambaya.
Rauta na cikin akwati a ɗakin magani,
fitilunta kore shar, kamar ba ta san an yi ba.

Na jona kwamfuta, na ce ta karanto mini hanyoyinta.
Suka jeru kamar kunyoyi a gona,
kowane layi da harafi a goshi,
shaidar wanda ya kawo labari.
C a jikinta yake, waya ta taɓa waya,
lambarsa sifili, gani ya kori ji.
S hannun mutum ne ya rubuta, lambarsa ɗaya.
O maƙwabta ne da suka auna ƙasa tare,
an ba su ɗari da goma.
R kuwa daga baki zuwa baki, ɗari da ashirin,
shi ne mai shayin cikin akwati.
Wanda aka liƙa wa ɗari biyu da hamsin da biyar
ko ya rantse ba a juyowa.
A nan ƙarami ne babba.
In biyu suka nuna gari ɗaya,
mai ƙaramar lamba ke shiga jadawali,
ɗayan ya jira a zaure.

Sai ga layin Dutse, S a goshinsa.
Na san hannun.
Injiniya Tukur ne, wanda ya koya mini feƙe waya da haƙori
in an manta filaya a gida.
Shekara uku ke nan da ya rubuta shi,
ya ce duk mai zuwa Dutse ya bi turken bakin kogi.
Turken na nan tsaye, yana amsa sallama,
amma a bayansa ruwa ya tsinke igiya.
Kowane saƙo ya je, ya gaisa, ya nutse.
Ga maƙwabtan Haɗeja suna ta kira
da hanyarsu busasshiya,
rauta ta toshe kunne:
ɗari da goma ba ya ja da ɗaya.

Tukur ya rasu bara da azumi.

Kalma ɗaya ta isa ta goge layin.
Na rubuta ta, na tsaya,
sauro yana ta kuka a kunnena,
na janye ta harafi harafi.
Lambarsa na ɗaga zuwa ɗari biyu.
Ya koma zaure ya zauna a tabarma,
ranar da maƙwabta suka yi shiru
a aika yaro ya kira shi.

O ta fito a layin Dutse.
Daga ɗaya ɗakin Uwani ta ce, "Ya tafi!"
Ɗaya daga matan ta tashi tana gyara goyo.

Da asuba na tashi Sallau daga kan benci.
Na ce mu bi gefen shinkafa kamar jiya.
Ya dubi sama, ya dubi kwata cike da ruwan dare,
ya ce, "Wandon jiya ya bushe, Malam.
Bari mu ga wa zai fito yanzu."